Harsashin ƙaramar bindigar farauta: inda yake kaiwa, da yadda ake amfani da shi lafiya

Maharbi a Garwa ko Marwa, a arewacin Kamaru, idan ya ce "ƙaramar bindiga", yawanci yana nufin bindiga mai sulɓin ciki wadda bakinta bai kai na kalibar 12 ba, wato 20, 28, 410, ko 'yar mitsitsiyar nan 9 Flobert da ake kashe ɓera da ita a rumbu. Sunan ne ke ruɗin mutane. Da sun ji "ƙarama" sai su ɗauka ba ta da ƙarfi, har wani ya jingine ta a bayan ƙofa da harsashi a ciki. Ƙwayar darma da ta fito daga bakin 410 tana fita ne da gudun mita 350 zuwa 400 a daƙiƙa, daidai da wadda ta fito daga kalibar 12. Abin da ya ragu yawan ƙwayoyin ne kawai. Saboda haka nisan da take kayar da tsuntsu ya gajarta, amma nisan da take tsiyaye idon mutum yana nan yadda yake.

Karanta lambobin kafin ka saya

Lambar kalibar tana tafiya ne a juye: ƙaramar lamba, babban baki. Asalinta ƙirga ne na dunƙulen darma nawa masu faɗin bakin bindigar za su cika laba ɗaya, wato ƙasa kaɗan da rabin kilo. Kalibar 12 faɗin cikinta milimita 18.5 ne, 20 tana da 15.6, 28 kuma 14. Ita 410 ba ta bin wannan ƙirga, awo ne na inci, daidai da milimita 10.4. A kwalayen da ke zuwa daga Faransa da Italiya za ka ga an rubuta mata "36" ko "12 mm". Wannan "12 mm" ɗin ya sha ruɗa masu aike, a aiki yaro ya sayo harsashin 12 ya dawo da abin da ba shi ba.

Lamba ta biyu ita ce tsawo, kuma a nan ake yin kuskuren da ke fasa bindiga. Idan an rubuta 410/76, ana nufin tsawon kwanson milimita 76 ne bayan an harba, lokacin da bakinsa ya buɗe. Kafin a harba shi bakin a naɗe yake, don haka harsashi mai 76 yakan shige ɗakin bindiga (wurin da harsashi ke zama) mai 65 sumul, bindigar ta rufe kamar ba komai. Da ka ja kunama, bakin kwanson ba shi da wurin buɗewa sai cikin ƙuncin bututu, ya rage wa darma hanya, matsin ya haura abin da aka gwada ƙarfen da shi. Wata rana bindigar ta jure, wata rana ta saki makullinta ko ta tsage daidai inda hannun hagu yake riƙe. Gajeren harsashi a dogon ɗaki ba laifi, dogo a gajeren ɗaki haramun ne. Ita 410 an fi yin ɗakinta da tsawo uku, 50, 65 da 76. 28 yawanci 65 ko 70. 20 kuma 65, 70 ko 76.

Tsawon ɗakin a buge yake a jikin ƙarfe. Karya bindigar, cire katakon gaba, ka duba ƙarƙashin bututu kusa da gindi. A nan ne kuma za ka ga tambarin gidan gwaji, irin na Saint-Étienne a Faransa, Liège a Beljiyam, Gardone a Italiya ko Eibar a Sifen. Tsofaffin bindigogin kamfanin Manufrance na Faransa da aka gada tun zamanin Turawa da yawansu gajeren ɗaki gare su, su aka fi jefawa cikin wannan haɗari. Idan tsatsa ta cinye rubutun, kai wa mai gyaran bindiga ya auna, kada ka gwada da harsashi.

Wani abin da ba kowa ya sani ba: ƙaramin baki ya fi babba matsi. A ƙa'idar hukumar CIP, wadda ƙasashen Turai masu ƙera makamai ke bi tun 1914, iyakar matsin harsashin 12/70 na yau da kullum bar 740 ne (bar ma'aunin matsi ne), na 20 da 28 da gajeren 410 bar 830, na 410/76 kuwa har 1050. Wannan ya isa dalilin da zai hana ka sa harsashin kanti a bindigar da maƙeri ya haɗa da bututun famfo ko sandar sitiyarin mota.

Abin da ke cikin kwanso

Harsashin 410 mai tsawon 65 yana ɗauke da darma wajen gram 14, mai 76 kuma gram 19 zuwa 21. Na 28 gram 21 zuwa 28, na 20 gram 24 zuwa 28 a mafi yawan lokuta, na 12 kuwa gram 32 ne aka fi gani a hannun maharba. Girman ƙwaya ma a juye ake ƙirga shi. A lissafin Faransa lamba 4 milimita 3.25 ce, 5 milimita 3, 6 milimita 2.75, 7 milimita 2.5, 9 milimita 2. Lambobin Ingila da Italiya sun ɗan saɓa, shi ya sa ya fi kyau ka nemi milimitar da ke jikin kwali.

Yanzu yi lissafi. Gram ɗaya na lamba 6 yana ɗauke da ƙwaya takwas. Ke nan gajeren 410 yana da ƙwaya wajen 110, dogon yana da 160, kalibar 12 mai gram 32 kuma tana watsa kusan 260. Idan ka koma lamba 4, gram ɗaya ƙwaya biyar ne, gajeren 410 ya koma ƙwaya 70 kacal. Maharba da yawa suna son manyan ƙwayoyi, wai sun fi kisa. A babbar bindiga akwai gaskiya a ciki. A ƙarama kuwa asara ce, domin tsuntsu ba ƙwaya ɗaya ke kayar da shi ba, sai uku ko huɗu sun same shi a jiki, kuma ƙwaya 70 idan suka bazu a mita 25 sukan bar ramukan da kurciya za ta ratsa ba tare da gashinta ya motsa ba. Ga kurciya da hasbiya lamba 7 ta fi, ga fakara da zomo 6, ga zabo 5 ko 6 a dogon kwanso, tunda gashinsa da kauri kuma yana da taurin rai. Lamba 9 ta ɓera ce da ƙananan tsuntsaye a kusa.

Nisan aiki na 410 mita 20 zuwa 25 ne, wato wajen taku talatin ga babban mutum. Na 28 ya kai 30 zuwa 35, na 20 ya ɗan ɗara. 9 Flobert ba ta wuce mita 10 zuwa 15. Duk abin da ka harba bayan wannan, rauni kake ba shi ya tafi ya mutu a ƙaya, ba ka ci ba, ba ka bari ya rayu ba. Dinya, gada, barewa, gadu, waɗannan ba abincin 410 ba ne ko da doka ta yarda maka da su. Akwai harsashi mai dunƙule guda na 410, nauyinsa gram 6 zuwa 7, yana fita da gudu fiye da mita 500 a daƙiƙa, amma ya yi sauƙi ga babbar dabba kuma yana iya tafiya ɗaruruwan mitoci, har ya doshi kilomita. A filin da akwai makiyaya, barinsa a kanti ya fi.

Ana yawan cewa 410 ce bindigar koyo saboda ba ta dukan kafaɗa. Mu dai ba mu yarda ba. Mai koyo yana bukatar ya riƙa samu, ita kuwa ba ta yafe kuskuren saiti ko na taƙi ɗaya. Kalibar 28, ko 20 da harsashi mai sauƙi, ta fi masa. 410 bindigar wanda ya riga ya iya ce, mai haƙurin bari tsuntsu ya matso.

Gwada ta a takarda

Babu bindigogi biyu da ke watsa darma iri ɗaya, kuma bindiga ɗaya takan canza hali idan ka canza mata harsashi. Gwajin ba ya cin komai sai harsashi uku zuwa biyar. Nemi faffaɗan kwali, mita ɗaya a tsaye da kwance, irin wanda ake zuba firiji a ciki. Kafa shi a gaban tudun yashi ko gaɓar busasshen rafi, inda kake ganin duk abin da ke bayansa. Ɗiga baƙin tabo a tsakiya, auna mita 25 da igiya, kada ka ƙiyasta da ido, ka harba sau ɗaya. Sai ka je ka duba inda ramuka suka fi taruwa, ka kafa ƙusa a wurin, ka zagaya da'ira da zare mai tsawon santimita 38. Ƙirga ramukan cikin da'irar kana yi musu alama da biro.

Bindiga mai matsattsen baki, wadda ake buga wa tauraro ɗaya ko kalmar "full", ya kamata ta zuba wajen kashi 70 cikin ɗari a ciki. Ga gajeren 410 da lamba 6, wannan ƙwaya 75 zuwa 80 ke nan, kusan ɗaya ko biyu a kowane fili kamar tafin hannu. Ɗora tafinka a wurare daban-daban cikin da'irar. Idan akwai wurare da yawa da tafin ya zauna ba rami ko ɗaya a ƙarƙashinsa, ka wuce nisanka. Matso mita biyar ka sake, ko ka koma ƙaramar ƙwaya. Duba kuma ko tarin ramukan ya karkata sama, ƙasa ko gefe daga tabon. Yawancin masu zargin harsashi da "sanyi" bindigarsu ce ke harbi taƙi ɗaya sama da inda suke kallo.

Dalilin da 410 ta fi sauran yin ramuka shi ne darmarta a jere take, doguwa siririya. Ƙwayoyi da yawa suna gogar jikin bututu, na ƙasa kuma nauyin na sama yana murƙushe su lokacin tashi. Ƙwayar da ta lotse ba ta tafiya miƙe, gefe take ficewa. Harsashi mai ɗan kofin roba da ke rungume darma ya fi mai toshiyar ulu ko kwali riƙe tarin. Ga tsuntsu mai giftawa a mita 25, darma na ɗaukar ƙasa kaɗan da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa kafin ta isa, shi kuwa ya riga ya ci gaba da wajen mita guda. Gabansa ake harbi, kuma ba a tsayar da bakin bindiga lokacin jan kunama.

Nisan haɗari

Wani janar na sojan Faransa mai suna Journée ya fitar da lissafi mai sauƙi da har yau ake koya wa maharba: ninka faɗin ƙwaya a milimita sau 80, ka sami iyakar mitocin da za ta iya kaiwa. Lamba 7 mita 200, lamba 6 mita 220, lamba 4 mita 260. Lissafin bai tambayi kalibar ba. Bindigar da ba ta kayar da zabo a mita 40 tana iya zuba darma a fuskar mai tsinkar auduga a mita 150.

Wannan ya fi muhimmanci a nan fiye da wurare da yawa, domin dajinmu ba kango ba ne. Lokacin da zabi da kurciyoyi suka fi taruwa shi ne lokacin da mutane ke sunkuye cikin gonakin masakwa, yara na kan rumfar korar tsuntsaye, ɗan Fulani na zaune a inuwar aduwa ba ka ganinsa sai shanunsa. Kada ka harba cikin ciyawa ko kara don ka ji motsi. Kada ka harba tsuntsun da ya tashi ƙasa-ƙasa daidai tsayin mutum idan ba ka ga ƙarshen filin ba. Harbi sama sosai ko harbi ƙasa cikin yashi mai laushi su ne masu aminci.

Darma tana tsalle. Ruwa, dutse, marmara, busasshiyar ƙasar karal da ta tsage ta yi tauri a rani, duk suna mayar da ita ta wata fuska da ba ka nufa ba. A tafkunan Lagdo da Maga da bakin kogin Logon, harbi a kwance a kan ruwa yana iya kaiwa ga masunci a kwalekwale. Ƙwayar ƙarfe ta fi ta darma tsalle nesa ba kusa ba. Tun 15 ga Fabrairu 2023 Tarayyar Turai ta hana darma a fadamu, don haka harsashin ƙarfe ya yawaita a kasuwa. Kada ka sa shi a tsohuwar bindiga ko mai matsattsen baki, domin ƙarfe ba ya lotsewa, bakin bututun ne zai kumbura. Bindigar da aka gwada da ƙarfe mai ƙarfi tana da tambarin fure mai kunne uku a jikinta.

Idan kun fita ku da yawa kuna jere, kowa ya bar kusurwa tsakaninsa da maƙwabcinsa. Yadda ake auna ta: taku biyar zuwa wajen maƙwabci, sannan taku uku zuwa gaba, ka kafa kara a nan. Daga inda kake tsaye, tsakanin karan da maƙwabcin ba a ɗaga bindiga, ko da zabon ya fi kowane ƙiba.

Kurakuran da ke fasa bututu

Mafi muni shi ne cakuɗa kalibar a aljihu ɗaya. Harsashin 20 idan aka jefa shi a bindigar 12 ba ya tsayawa a baki, yakan zame ya maƙale can ciki. Mai bindiga ya leƙa ya ga wayam, ya ɗauka bai ɗura ba, ya ƙara na 12 a bayansa ya harba. Bututun yakan yage a wurin hannu. Haka na 28 yake yi a bindigar 20. Kamfanoni da yawa suna yin kwanson 20 ruwan ɗorawa don a gane shi, amma ba duka ba, saboda haka karanta gindin kwanso. Wanda ke da bindiga biyu ya ware wa kowace jakarta. Akwai kuma harsasai masu kwanson tagulla na wasu bindigogi da kan shiga ɗakin 410. Shigarsu ba izini ba ne, abin da aka buga a jikin bututu shi kaɗai ake sawa.

Sai toshewar bututu. Laka idan ka tsallaka rafi a damina, yashi idan ka dogara bakin a ƙasa, tsumman goge-goge da aka manta. A gidajenmu akwai ƙarin maƙiyi, zanzaro, wanda ke son ramin 410 kamar don shi aka yi, ya gina ɗakinsa na laka a ciki cikin kwana biyu. Kowace fita, da kowace faɗuwa, karya bindiga ka leƙa ta gindi har ka ga haske zagaye.

Idan ka ja kunama ka ji "ƙyas" ba ta tashi ba, kada ka buɗe nan take. Riƙe ta bakin na kallon wuri mai aminci, ka ƙirga daƙiƙa 30 zuwa 60, domin harsashin da ya sha danshi yakan yi jinkiri sannan ya tashi. Bayan haka ka buɗe fuskarka a gefe. Idan kuma ta tashi da ƙara mara ƙarfi, ba ta doki kafaɗa kamar kullum ba, tsaya. Mai yiwuwa kofin robar ya tsaya a tsakiyar bututu, harbi na gaba a kansa zai fashe. Tura shi da sandar goge bindiga.

Kada ka farke harsashi ka gyara masa ciki. Masu narkar da darmar su mai da ita dunƙule, ko su zuba ƙwallayen keke da guntayen ƙusa, suna canza nauyi da taurin abin da aka auna albarushin da shi, kuma ƙarfe mai tauri ba ya wuce matsattsen baki lafiya. Zuba albarushin harsashin kanti a bindigar toka ya fi wannan ma muni, domin ba irin albarushi ɗaya ba ne, matsinsa ya ninka abin da bindigar toka ke iya ɗauka.

Ajiya, kunne, da doka

Zafin Maris da Afrilu a Marwa, Kuseri da Njamena yana wuce digiri 40 a inuwa, cikin rufaffiyar mota kuwa ba a magana. Harsashin da ya gasu a gaban mota ko a akwatin babur yana tashi da matsi fiye da yadda aka tsara shi, albarushinsa kuma yana saurin tsufa. Damina tana da nata: kwanson takarda ya kumbura ya ƙi shiga, gindin ƙarfe ya yi tsatsa ya ƙi fita. Ajiye su cikin kwalinsu, a akwatin ƙarfe mai makulli, a ɗaki mai sanyi, a ɗage daga ƙasa, nesa da murhu da galan ɗin fetur. Kada ka shafa musu mai. Wanda ya kumbura, ya tsage ko ya yi kore a gindi, kada ka matsa masa ya shiga, kuma kada a jefa shi a wuta ko juji inda yara ke tona. Bindiga wuri daban, harsashi wuri daban, makulli a jikinka. Kan babur, cikin kwalekwale, wajen tsallake shinge ko miƙa wa wani, a karye take kuma babu komai a ciki.

Ƙarar 410 tana kai wa wajen desibel 150, kunne kuwa daga 140 yake fara lalacewa ko da harbi ɗaya. 'Yan toshe-kunnen soso na kantin magani sun wadatar, tare da tabarau mai ƙarfi wanda ba gilashi ba.

A Kamaru mallakar bindiga da sayen harsashi suna ƙarƙashin doka mai lamba 2016/015 ta 14 ga Disamba 2016, izini kuma daga hukumomin mulkin cikin gida yake fitowa. Takardar farauta daban ce, daga ma'aikatar gandun daji da namun daji, wadda ke sanar da buɗe lokacin farauta da rufe shi, kuma ta kasa dabbobi rukuni A, B da C, na A ba a taɓa su. Gandayen Waza, Binuwai, Faro da Buba Njida ba a shiga da bindiga. Ƙanƙantar baki ba ta fitar da 410 daga dokar. Wanda ke ɓangaren Cadi ya nemi takardun can, na Kamaru ba sa haye gadar Ngeli da shi.

Idan tsautsayi ya faru darma ta sami mutum, danne wurin da tsumma mai tsabta a kai shi asibiti, ko da ramukan sun yi kama da cizon sauro, domin ƙwaya ɗaya a ciki, ƙirji ko wuya tana iya zubar da jini ta ciki. Kada a tona da allura ko reza. Idan ido ne, a kife masa ƙaramin kofi a ɗaure ba tare da dannawa ba. A tuna wa likita allurar rigakafin sandarewar jiki.

Naman ma yana da nasa aikin. Riƙe wuƙa mai kaifi a kusa, tsuntsun da ka tarar da sauran rai ka yanka shi nan take. Wajen gyara, bi kowane rami ka ciro ƙwayar, ka yanke naman da ya yi baƙi a kewayensa ka zubar inda kaji ba za su tsattsaga ba. Darma guba ce, ta fi illa ga ƙananan yara da masu juna biyu, kuma tsami yana narkar da ita cikin romo, don haka naman da aka harba kada a jiƙa shi da lemon tsami ko a dafa shi da tsamiya ko yakuwa sai an tabbata an tsince shi tas.